Amsa kan Sparta: yadda ƙauyuka biyar suka zama dodon Girka, da dalilin da ya hana su ajiye mashi

Tambayar da aka turo min ita ce: "Malam, wai da gaske ne mutanen Sparta sun fi kowa iya yaƙi a zamanin da, kamar yadda muke gani a fim mutum 300 sun tare rundunar Farisa? Ya akai suka kai haka, kuma gaskiya ne tun yaro yana shekara bakwai ake ɗauke shi a kai shi soja?"

Toh ƙanena ka gyara zama, don zan ɗan ja zancen, wannan darasi na daɗe ina koyar da shi kuma kusan duk shekara sai ɗalibai sun zo min da hoton nan na fim a kansu, ƙarti majiya ƙarfi ba riga sai ihu da sara. A taƙaice dai, eh, an yi wajen shekara 200 babu garin da yake marmarin haɗuwa da su a fili sahu da sahu a duk ƙasar Girka, kuma eh ana ɗauke yaro yana shekara 7. Amma abin da ya mai da su haka tsoro ne, tsoron mutanen da suke noma musu abincin da suke ci. In ka riƙe wannan sauran duk zai warware maka da kansa. Sannan ka lura shekarun da zan kawo kusan duk kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ne, lissafinsu da baya yake tafiya, wato 700 ta riga 400.

Sparta tana can kudancin Girka a yankin Peloponis, cikin wani kwari mai albarka da ake kira Lakoniya, kogin Yurotas ya ratsa ta, ga dutsen Taigetos ta yamma tsayinsa ya kai mita 2,400, ga dutsen Parnon ta gabas. Asalinta ma ba birni ba ce irin yadda muka san birni, ƙauyuka huɗu ne maƙwabta suka haɗe, daga baya suka jawo na biyar, Amikilai. Duk zamanin da take tashe ko ganuwa ba ta da ita, ba badala ba ƙofa, suna alfahari da cewa mazajensu su ne ganuwarsu. Tusididis, masanin tarihi ɗan Atina wanda ya rayu a lokacin, ya ce da za a wayi gari Sparta ta zama kufai, na baya ba za su taɓa yarda tana da ƙarfin da ake faɗa ba saboda ba ta da manyan gine-gine, kuma wallahi haka ɗin ya faru. Wani abin da mutane ba su sani ba, da fari garin ba bariki ba ne. A wajen 600 suna da mawaƙi Alkman da yake tsara wa 'yanmata waƙoƙin rawa, suna da maƙeran tagulla da maginan tukwane waɗanda kayansu ke fita har ƙasashen waje. A hankali abin ya ƙeƙashe.

Abin da ya juya tarihinsu shi ne Mesiniya, ƙasar maƙwabtansu na yamma. A ƙarni na 8 jama'a ta yi yawa a Girka ƙasar noma ta yi kaɗan, sauran garuruwa irin su Korinti sai suka riƙa zuba mutanensu a jirgin ruwa suna zuwa Italiya da Sisili suna kafa sababbin garuruwa. Sparta ita ma ta kafa guda ɗaya sananne, Taras, wato Taranto ta yanzu, amma babbar mafitar da ta zaɓa ita ce ta haura dutsen Taigetos ta afka wa maƙwabtanta na yamma waɗanda ƙasarsu ta fi ko'ina kyan noma. Mawaƙinsu Tirtayus ya ce shekara 19 akai ana gwabzawa a zamanin sarki Tiyopompus, a ta 20 mutanen Mesiniya suka gudu daga dutsen Itomi. Spartawa suka ci ƙasar, suka raba gonakin a tsakaninsu, su kuma masu ƙasar aka mai da su abin da ake kira helot. Dama akwai helot a Lakoniya, amma yanzu sai yawansu ya ninka.

Ka fahimci helot da kyau don nan ne gindin maganar. Ba irin bawan da ake kaiwa kasuwa a sayar wa fatake ba ne, yana zaune a ƙauyensa da matarsa da 'ya'yansa, a gonar da kakansa ya noma, sai dai gonar ta zama ta wani, shi ma ya zama na wani, kuma ba ya da ikon barin wurin. Shi Tirtayus ɗin da bakinsa ya kwatanta su da jakunan da kaya ya durƙusar, suna kai wa iyayengijinsu rabin duk abin da ƙasa ta ba da. Toh kaga bambancin, a Atina bayi daga ƙasashe daban-daban aka sayo su, wannan bai jin yaren wancan, haɗa kansu yana da wuya. Su kuwa waɗannan Girkawa ne, yarensu ɗaya, sun san ƙasarsu ce aka ƙwace, suna ba 'ya'yansu labari, kuma sun fi iyayengijin nasu yawa nesa ba kusa ba. A ƙarni na 7 suka yi bore, akai yaƙi na biyu wanda Sparta ta sha da ƙyar. Daga nan fa ba su sake barci da ido biyu a rufe ba. Tusididis ya faɗa ƙarara cewa yawancin tsare-tsaren Sparta an yi su ne don tsaron kai daga helot, wani ɗan Atina kuma, Kiritiyas, ya ce in ɗan Sparta yana gida cire mariƙin garkuwarsa yake yi don kar helot ya ɗauka ya yi amfani da ita.

Su dai Spartawa cewa suke wani mutum Likurgus ne ya kafa musu duk dokokinsu a lokaci guda da izinin wurin bautar Delfi, amma hatta marubucin nan Pulutak da ya rubuta tarihinsa ya fara ne da cewa babu abu ɗaya game da mutumin da ba a yi saɓani a kai ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne tsarin ya ginu ne sannu a hankali tsakanin ƙarni na 7 da na 6. Mulkin nasu sarki biyu ne a lokaci guda daga gidaje biyu, Agiyad da Yuripontid, aikinsu jan yaƙi da yanka wa gumaka. Sai majalisar dattawa, gerusiya, mutum 28 da suka haura shekara 60 haɗe da sarakunan biyu ya zama 30. Sai wasu mutum 5 da ake kira efor ana zaɓensu duk shekara, waɗanda suke da ikon su tuhumi sarki kansa. Sai taron jama'a, inda ake ƙuri'a da ihu, ɓangaren da ya fi ƙara shi ya ci. Cikakkun 'yan ƙasa suna kiran kansu homoyoi, ma'ana masu kama da juna. A tsakaninsu da helot akwai wasu da ake kira periyoikoi, mazauna kewaye, 'ya'ya ne ba bayi ba, su ne maƙera da 'yan kasuwa, suna zuwa yaƙi tare da Sparta amma ba su da bakin magana a mulki, kuma rabin sojan da ake cewa na Sparta a yaƙoƙi da dama su ne.

Yanzu maganar yara, wadda ake kira agoge. Yaro in ya kai 7 sai ya shiga hannun gari, akwai babban jami'i guda mai kula da tarbiyyarsu tare da samari masu riƙe da bulala, a raba su garke-garke, kuma kowane babba a gari yana da ikon ya hukunta ɗan kowa. Ba takalmi. Daga wajen shekara 12 mayafi ɗaya ake ba shi ya shekara da shi, sanyi da zafi, shimfiɗarsa karan bakin kogin Yurotas ne wanda zai karyo da hannunsa ba wuƙa. Abinci da gangan ake rage musu don su koyi sata, in an kama yaro a zane shi, ba don ya yi satar ba sai don ya bari an kama shi. Daga nan labarin nan ya fito na yaron da ya saci ɗan yanyawa ya ɓoye cikin mayafinsa, dabbar tana yagar cikinsa shi ko ko uffan har ya faɗi ya mutu. Labari ne, amma ka duba irin labarin da suka zaɓa su riƙa ba 'ya'yansu. A wurin bautar gunkiyarsu Atemis Otiya kuma ana tara cuku a kan bagadi, yara su ruga su wawuro wasu na tsula musu bulala, daga baya abin ya koma gasar jure duka zalla, kusan kamar sharo sai dai ya fi shi muni.

Abin da nake so ka lura, in ka karanta Zinofon, wanda ya zauna da su ya yi yaƙi tare da sarkinsu, za ka ga bai cika maganar koyar da sara da suka ba. Biyayya ce ake dasawa, da jure yunwa da ciwo, da kunya. Ya ce samarinsu in suna tafiya a hanya hannu cikin mayafi, ido a ƙasa, ba magana, har ya ce ka fi saurin jin murya daga gunkin dutse. Ana koya musu karatu daidai buƙata, da waƙa da rawa sosai, kuma rawar nan ta taro ita ce tushen iya taku tare a fagen fama. Ana horar da su gajarta magana, a tambaye ka ka ba da amsa guntuwa mai kaifi. Maganar jefar da jarirai masu naƙasa daga kan dutse kuma, Pulutak ne ya kawo ta, shi kuwa ya rayu wajen shekara 100 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), ɗaruruwan shekaru bayan Sparta ta faɗi, kuma ramin da aka daɗe ana nunawa da masu bincike suka tona ƙasusuwan manya suka samu a ciki. Ga sarki Agesilawus ma gurgu ne tun yana yaro, ya shiga agoge ya fito ya yi sarauta wajen shekara 40.

'Yanmata su ma ba a bar su a ɗaka ba, suna tsere da kokawa da jifa, don a ganinsu lafiyayyar uwa ita ke haifar lafiyayyen soja, kuma matan Sparta suna mallakar ƙasa. Kiniska, 'yar'uwar Agesilawus, ita ce mace ta farko da dawakinta suka ci gasar Olimfik a 396.

In saurayi ya kai 20 sai ya nemi shiga ƙungiyar cin abinci, mutum kamar 15 da za su riƙa cin abincin dare tare kullum har tsufa. Yadda ake karɓarsa abin kallo ne. Bara zai ɗauko kwano a ka ya zagaya, kowane ɗan ƙungiya ya gutsuri burodi ya mulmula ya jefa ciki ba tare da ya ce komai ba, wanda ya yarda ya jefa nasa a mulmule, wanda bai yarda ba sai ya latse shi da yatsa. A sauke kwano a duba, ko guda ɗaya aka samu a latse shi kenan an ƙi shi. Wanda aka karɓa kuma dole duk wata ya kawo kasonsa na garin sha'ir da giyar inabi da cuku da ɓaure da 'yan kuɗin cefane, daga gonarsa wadda helot ke nomawa. Shahararren abincinsu baƙin romo ne na naman alade da jini da gishiri da ruwan tsami. Ka riƙe maganar kason nan na wata, don wanda ya kasa kawowa ya fita daga sahun 'yan ƙasa, kuma zan dawo kanta. Ko ya yi aure a cikin maza yake kwana har ya kai 30, sai dai ya saci jiki da dare ya je wurin amarya, kuma ana iya kiransa yaƙi har shekara 60. Sana'a kuwa an hana shi, ba noma ba ƙira ba fatauci.

Nan ne sirrin fifikonsu yake. Sojan sauran garuruwan Girka manomi ne, in rani ya yi ya ɗauko garkuwarsa daga rataye ya je ya dawo girbi. An ce wata rana ƙawayen Sparta suka yi ƙorafi wai su ne masu yawa amma Sparta ke ba da umarni, sai Agesilawus ya sa kowa ya zauna, ƙawaye gefe Spartawa gefe, ya sa sanƙira ya ce magina tukwane su miƙe, suka miƙe, maƙera su miƙe, masassaƙa, magina, haka dai har kusan duk ƙawayen suka tashi tsaye, a ɓangaren Sparta ko mutum ɗaya bai motsa ba. Ya ce toh kun ga wa ya fi kawo sojoji.

Kayan yaƙinsu iri ɗaya ne da na kowa, kwalkwalin tagulla, mashi mai tsayin fiye da mita 2, guntun takobi, da zagayayyar garkuwa ta katako da tagulla faɗinta ya kusa mita ɗaya, sai dai su suna sa jan mayafi kuma suna tara gashi. Ana jeruwa sahu-sahu kafaɗa da kafaɗa, yawanci zurfin mutum 8. Garkuwar a hannun hagu take, saboda haka tana rufe rabin jikinka ne da rabin na wanda ke hagunka, kai kuma damanka yana hannun na kusa da kai. Ni a aji abin da nake yi, in fito da ɗalibai takwas gaban allo in ba kowa faifai ya riƙe a hagu, in sa wasu su tsaya gabansu da tsinken tsintsiya kamar za su tsokale su, in ce ku tako. Ba a taku biyar za ka ga layin ya fara zamewa dama, kowa yana cusa kafaɗarsa bayan faifan maƙwabcinsa ba tare da an ce ya yi ba, na ƙarshen dama kuma da ba wanda ya rufe shi sai ƙara matsawa yake yi. Abin da Tusididis ya bayyana kenan game da rundunonin Girka. Shi ya sa a Sparta wanda ya yar da garkuwa ya fi wanda ya yar da kwalkwali laifi, don kwalkwali naka ne kai kaɗai, garkuwa ta sahu ce gaba ɗaya. A yaƙin Mantiniya na 418 Tusididis ya ce abokan gaba sun taho da gudu da fushi, su kuwa Spartawa a hankali suke takowa ana busa musu wani abu mai kama da algaita don kar sahu ya ɓalle, kuma umarni daga sarki yake gangarowa daki-daki har kan shugaban 'yar ƙaramar ƙungiya ta mutum talatin da wani abu. Suna iya juya sahu a tsakiyar faɗa, abin da in wasu suka gwada sai su watse. Fareti da atisaye da bin umarni, da su suka fi kowa.

Ta fannin siyasa kuma sun koyi darasi a Tegiya. Wajen tsakiyar ƙarni na 6 suka tafi da sarƙoƙi a hannu da niyyar mai da mutanen garin helot, aka ci su da yaƙi aka ɗaure su da sarƙoƙin da suka kawo suka yi wa Tegiya noma, masanin tarihi Hirodotus ya ce ya ga sarƙoƙin a rataye a ɗakin bauta. Daga nan suka daina cin ƙasa suka koma ƙulla ƙawance, gari ya riƙe mulkinsa amma ya bi Sparta yaƙi, wannan shi ya zama ƙawancen Peloponis. Babbar kishiyarsu Argos kuma sarki Kiliyominis ya karya ta a Sepiya wajen 494 aka kashe mata mutum 6,000. Kafin Farisa ta iso Sparta ce babbar yaya a Girka.

Toh sai Tamopili, mashigin da aka tare rundunar Farisa, shekarar 480. Mutum 300 gaskiya ne, sarkin Sparta Leyonidas ya zaɓo waɗanda suke da 'ya'ya maza a raye, amma ba su kaɗai ba ne, Girkawan da suka tare mashigin sun kai wajen 7,000. Kwana biyu suna mai da rundunar Zaksis sarkin Farisa baya saboda wurin matsattse ne yawa ba ya aiki, har wani mutumin yankin mai suna Efiyaltis ya nuna wa Farisawa hanyar kan dutse. A rana ta uku aka sallami yawancin runduna, Spartawa suka tsaya, tare da mutanen Tesfiya 700 da na Tibis 400, da helot ɗin da suka rako iyayengijinsu. Ina jin zafin yadda ake mantawa da mutanen Tesfiya, ƙaramin gari, manoma, ba agoge ba komai, suka ce ba za su tafi ba suka mutu a wurin. Kuma ka sani an ci su ne a Tamopili, Farisa ta wuce ta ƙone Atina. Jiragen ruwan Girkawa, mafi yawa na Atina, su suka juya yaƙin a Salamis, ainihin ranar Sparta kuwa ita ce Palatiya a 479 ƙarƙashin Pausaniyas, inda Hirodotus ya ce sun fito da 'yan ƙasa 5,000 da periyoikoi 5,000 da helot 35,000, wato kowane ɗan Sparta helot 7. Dubi wannan lissafi ka ga yawan waɗanda ake takawa.

Biyu daga cikin 300 ɗin sun rayu. Pantitis da aka aika da saƙo ya dawo gida ya ga wulaƙanci ya rataye kansa. Aristodimus da ciwon ido ya hana shi faɗa, aka sa masa suna matsoraci, ba mai ba shi wuta ba mai yi masa magana, har sai da ya je Palatiya ya fita daga sahu ya afka cikin abokan gaba aka kashe shi, duk da haka suka hana shi lambar yabo wai ya bar sahu yana neman mutuwa.

Idan kana sha'awar tarbiyyar nan tasu, ni dai ba na yi, kuma ga dalilina. Masanin falsafa Aristotal ya ce duk shekara efor in sun kama aiki sai sun shelanta yaƙi a kan helot, don wanda ya kashe su kar ya ɗau alhakin jini. Akwai kiriptiya, a zaɓi samari a tura su ƙauye da wuƙa, su ɓuya da rana, da dare su kashe helot ɗin da suka samu a hanya, wani lokaci su bi gona su zaɓi wanda ya fi ƙarfi. Tusididis ya ba da labarin lokacin da aka yi shela cewa helot ɗin da ke ganin ya yi wa Sparta bajinta a yaƙi ya fito a 'yanta shi, aka zaɓi wajen 2,000, suka sa furanni a ka suna zagaya wuraren bauta suna murna sun zama 'ya'ya, ba da daɗewa ba duk suka ɓace ba wanda ya san yadda aka yi da kowannensu. Duk lokacin da na zo wurin nan a aji sai ɗakin ya yi tsit. Jarumtar da ake yabo a kan wuyan waɗannan mutane aka gina ta.

Tsarin kuma ya fara tsagewa tun suna ganiyarsu. Wajen 464 girgizar ƙasa ta rushe garin, helot suka yi bore suka hau dutsen Itomi aka yi shekaru ana fama, Atina ta aiko sojoji 4,000 ƙarƙashin Kimon su taimaka, Spartawa suka sallame su don tsoron kar su koma bayan 'yan bore, wannan cin fuska na cikin abin da ya ɓata tsakaninsu. A babban yaƙin da suka yi da Atina daga 431 zuwa 404, a shekarar 425 aka rutsa sojojinsu a tsibirin Isfakteriya, 292 suka miƙa wuya, wajen 120 cikakkun 'yan ƙasa, duk Girka ta girgiza don an ɗauka ba sa sallamawa, Sparta kuma saboda mutanen nan 'yan kaɗan ta riƙa neman sulhu. Da suka ci yaƙin ma ba da sahun mashi suka ci ba, da jiragen ruwa ne waɗanda kuɗin Farisa ya biya, kwamandansu Lisanda ya kama rundunar ruwan Atina a Egospotami a 405.

Yanzu mu koma kan kason abincin nan na wata. Sunan masu kama da juna suna ne kawai, akwai masu hannu da shuni akwai talakawa, gonaki suna ta taruwa a hannun 'yan gidaje kaɗan ta hanyar gado da auren masu kuɗi da masu kuɗi, wanda gonarsa ta tsuke ya kasa kawo kaso sai a sauke shi, ƙofar shigowa kuwa kusan a rufe take. Hirodotus ya ce a 480 suna da maza wajen 8,000. A zamanin Aristotal ba su kai 1,000 ba, a ƙasar da ya ce za ta iya ciyar da sojan ƙasa 30,000 da mahaya 1,500, ya kuma ce kusan kashi biyu cikin biyar na ƙasar yana hannun mata. Wajen 399 wani da aka sauke mai suna Kinadon ya shirya juyin mulki, ya ja wani mutum bakin kasuwa ya ce ƙirga min 'yan ƙasa, ya ƙirga sarki da efor da dattawa da sauransu wajen 40, Kinadon ya ce waɗannan su ne abokan gaba, sauran fiye da 4,000 da ka gani namu ne. Ya ce duk inda aka ambaci Spartawa a gaban helot da periyoikoi da waɗanda aka sauke, ba mai iya ɓoye cewa zai so ya cinye su ɗanye. An kama shi aka zagaya gari da shi ana bulala.

A 371 aka haɗu a Luktira. Efaminondas, kwamandan sojan garin Tibis, ya tara zurfin sahu 50 a ɓangarensa na hagu, daidai inda sarki Kiliyombrotus da Spartawa suke, ya danne su, sarki ya mutu, cikin 'yan ƙasa 700 da suka je 400 suka kwanta. Labari ya iso gida ranar ƙarshe ta wani biki, mawaƙa maza suna cikin fili, efor suka bari aka gama wasan, sannan aka kai wa kowane gida sunan mamacinsa aka ce mata kar wadda ta yi kuka. Zinofon ya ce washegari dangin waɗanda suka mutu su ne ke yawo fuska a sake, dangin waɗanda suka tsira kuwa ba ka ganinsu sai ɗai-ɗai kai a sunkuye. Waɗanda suka gudu sun yi yawan da in aka hukunta su ba sauran soja, sai Agesilawus ya ce a bar doka ta yi barci yau ɗaya.

Bayan shekara guda Efaminondas ya shigo Lakoniya da runduna, matan Sparta da ba su taɓa ganin hayaƙin abokan gaba ba suka ga ana ƙone gonaki a ƙetaren Yurotas. Bai shiga garin ba, ya wuce yamma ya 'yanta Mesiniya, a 369 aka kafa birnin Mesini a gindin dutsen Itomi da ganuwar dutse mai tsawon wajen kilomita 9 wadda har yau wani sashenta yana tsaye. Rabin gonakin Sparta da masu noma su suka tafi a lokaci guda, ba ta ƙara komawa yadda take ba, sarki Kiliyominis na uku ya gwada raba ƙasa ya farfaɗo da agoge amma Masidoniya ta murƙushe shi a Selasiya a 222. A zamanin Rumawa baƙi ne ke zuwa garin kallon al'adun da, har aka gina wurin zaman 'yan kallo zagaye da bagadin Atemis Otiya, kuma Pulutak ya ce shi da idonsa ya ga samari da yawa sun mutu a wurin ƙarƙashin bulala.